Inabin Kwarin Bika da Gyaɗar Maraɗi

Ni ba mashayi ba ne, amma tarihin giyar inabi ta ƙasar Labanan ya daɗe yana ba ni tunani. Kwarin Bika yana kan tudu, wajen mita 900 sama da teku, tsakanin jerin duwatsu biyu. Da rana zafi, da dare sanyi, shi ya sa inabi ke nuna sannu a hankali.

Tun zamanin Rumawa ake matsar inabi a can. A 1857 limaman Kirista ƴan Jezuwit suka kafa gidan Ksara kusa da Zahle, suka kawo iri daga Aljeriya. Sai dai kasuwa ba ta buɗe sosai ba sai da Faransa ta karɓi ƙasar a 1920, don sojojinta da ma'aikatanta ba su zama cin abinci babu giya.

Nan ne abin ya taɓa ni. Mu ma bukatar Faransa ce ta cika gonakin Maraɗi da gyaɗa. Tamu ta durƙushe da farin shekarun 1970, tasu kuwa ta tsallake yaƙin basasa na 1975 zuwa 1990. A ganina, su a gida suke sarrafa amfaninsu su sayar da sunansu. Mu galibi buhuna muka riƙa lodawa.