Daga Sarkin Pawa Zuwa Takardar Shaida: Tarihin Kula da Lafiya a Rumfunan Bikin Kamun Kifi

Duk shekarar da aka yi Bikin Kamun Kifi, hankalin duniya yakan koma bakin Matan Fada, inda dubban masunta ke rugawa cikin ruwa da homa da gora, kowa na fatan ya fito da giwan ruwan da ta fi ta kowa. Amma mu da muka tashi a Argungu mun san cewa wannan kamu bai wuce na sa'a guda ba. Sauran kwanakin bikin a rumfuna baƙi ke yin su, wajen mai tsire da mai fura, da mai waina, da masu baje kolin shinkafa da dabbobi da kayan noma. A nan ake ci, a nan ake sha, kuma a nan ne cuta ko gobara kan iya shigowa ba tare da sallama ba. Mun sha jin masu rumfuna suna ƙorafi a kan takardun da ake nema daga gare su a irin waɗannan tarurruka, wasu ma na ganin hanya ce kawai ta tatsar talaka. Saboda haka muka ga ya dace mu waiwayi inda waɗannan takardu suka samo asali.

Kamar yadda aka sani, bikin ya ɗauki siffarsa ta yanzu ne a shekarar 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta rufe babin daɗaɗɗiyar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A wancan zamani taron na gida ne, kuma tsaron lafiyar jama'a na hannun masu sarautun sana'a. Sarkin Ruwa ke da alhakin kogi, da tsabtarsa da lafiyar masu shiga cikinsa, kuma babu mai jefa homa sai da izininsa. Homa ke shugabantar masunta. A tudu kuwa, Sarkin Pawa ne ke sa ido a kan dabbar da za a yanka, Sarkin Kasuwa kuma ya san wanda ke zaune a kowace rumfa, ya san ubansa, ya san gidan da zai koma idan yamma ta yi. Mahaucin da ya sayar da mushe ko naman dabba mai ciwo ba sana'arsa kaɗai ya kashe ba, ya zubar da mutuncin zuriyarsa ne baki ɗaya. Sunan mutum shi ne jinginarsa, kunya kuma ita ce tarar da ya fi tsoro.

A daidai wannan zamani ne wani tsari na daban ke kafuwa a gefe. Turawan mulkin mallaka sun yi Dokar Lafiyar Jama'a a shekarar 1917, sannan a 1932 aka buɗe Makarantar Koyon Tsabta ta Kano, wadda ta riƙa yaye ma'aikatan da jama'a suka laƙaba wa suna duba-gari. Dattawanmu ba su manta da su ba: farin kaya, da littafi a hammata, da leƙa randa ko akwai tsutsar sauro, da duba salga da kwata da mahauta. Wanda aka samu da laifi sai gaban alƙali. Ba za mu yi wa tarihi kwaskwarima ba, mutane sun ji tsoron duba-gari fiye da yadda suka so shi, kuma dokokin tsabta na farko sun fi damuwa da lafiyar Bature a barikinsa fiye da ta talaka a cikin gari. Duk da haka akwai abu guda da wannan tsari na En'e ya zo da shi wanda bai kamata a raina ba: duba-gari sai ya je ya gani da idonsa kafin ya rubuta. Takarda a lokacin shaida ce ta cewa an duba.

Shekarar 1970 ta kawo sauyi biyu. A shekarar ce Shugaban Ƙasa Janar Yakubu Gowon da Shugaban Jamhuriyar Nijar Diori Hamani suka halarci bikin, kuma daga nan sunansa ya ƙetare iyaka, baƙi da 'yan kasuwa suka fara kwararowa daga nesa. Sarkin Kasuwa bai san uban mai abincin da ya taso daga wata jiha ba, mai abincin kuma ya san cewa bayan kwana huɗu zai naɗe tabarmarsa ya tafi. Kunya ba ta kama baƙo kamar yadda take kama ɗan gari. A ƙarshen wannan shekara ce kuma annobar kwalara, wadda ta ratso Afirka ta Yamma, ta shigo Nijeriya. A 1971 an ƙidaya mutum fiye da 22,000 da suka kamu, kusan 3,000 suka rasu. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, waɗanda suka kamu a faɗin ƙasar sun haura 59,000, mamata kuma sun haura 7,000. Kwalara cuta ce ta gurɓataccen ruwa da abinci, da hannun da ba a wanke ba, da bahaya a sarari. Duk inda dubban mutane suka taru a bakin kogi na 'yan kwanaki, an haɗa mata duk abin da take so.

Bayan garambawul ɗin ƙananan hukumomi na 1976, aikin En'e ya koma hannunsu, kuma Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar musu da kula da kasuwanni da mahauta da makewayin jama'a da wuraren sayar da abinci. A nan ne, a ganinmu, igiya ta fara sakwarkwacewa a ƙasar baki ɗaya. Rumfa ta zama hanyar kuɗin shiga, mai rasit ya fi duba-gari yawo a kasuwa, har talaka ya daina bambance takardar haraji da takardar lafiya. Yaƙi da rashin ɗa'a da gwamnatin Janar Buhari ta ƙaddamar a 1984 ya farfaɗo da shara da yashe kwata, amma da bulala aka yi shi, kuma abin da bulala ta kafa ba ya daɗewa bayan an ajiye ta.

Daga baya hukumomi suka yawaita. An kafa NAFDAC a 1993, kuma a zamanin Farfesa Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008, har yaro ya koyi duba lamba a jikin ledar ruwa. A 2002 aka yi dokar da ta kafa majalisar yi wa jami'an tsabtar muhalli rajista, wato jikokin duba-gari. Murar tsuntsaye da ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006 ta tunatar da kowa cewa dabbar da aka kawo baje koli ma tana iya zuwa da cuta, ta raba wa na wasu, kowa ya koma gida da rabonsa.

Wannan tarihi ne ya haifi takardun da ake nema daga masu rumfuna a manyan tarurruka, kuma kowace da musibar da ta jawo ta. Mai dafa abinci ana neman shaidar gwajin asibiti a kan cututtuka irin su taifot da tarin fuka da ciwon hanta, domin mutum na iya ɗauke da ƙwayar taifot yana yaɗa ta alhali shi kansa garau yake ji. Mai ruwan leda da lemo da duk abin da aka ƙulle a leda ko kwalba, lambar NAFDAC. Mai dabbobi, shaidar likitan dabbobi. Mai tukunyar gas ko janareta, bayanin inda zai ajiye su da abin kashe gobara, tun da rumfunan zana da tamfol a jere suke, ga iskar hunturu ga busasshiyar ƙasa. Wanda ya ga hotunan gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Akwai kuma taswirar fili, wadda mutane suka fi rainawa: ita ce ke hana a zaunar da mai maganin ƙwari kusa da mai ƙosai, ita ce ke barin hanyar da motar asibiti ko ta 'yan kwana-kwana za ta bi.

A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikinmu cikin jerin al'adun gado na duniya. Bayan dakatawa ta kusan shekara goma, an dawo da shi a watan Maris na 2020, makonni biyu kacal bayan an tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Nijeriya. Shekara guda bayan haka, a 2021, kwalara ta sake dawowa, inda aka ba da rahoton mutum fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu, da mamata fiye da 3,600, akasarinsu a jihohin Arewa. Sunan da muka yi a duniya sakaci guda a tukunya guda na iya ɓata shi.

Sai dai ƙorafin masu rumfuna ma yana da tushe. Yawancin masu ciyar da baƙinmu iyayenmu mata ne da ƙannenmu, masu ƙaramin jari, da dama daga cikinsu ba su yi boko ba, fom ɗin kuma da Turanci yake zuwa. Idan gwajin asibiti ya fi ribar kwana huɗu tsada, mai waina za ta nemi wanda zai sayar mata da takarda ba tare da gwaji ba, ko ta kafa tandarta a bayan shinge inda babu mai dubawa. Ta kowace hanya an yi asara. A nan ƙungiya irin tamu ke da abin yi: a fassara fom zuwa Hausa, ɗalibanmu su zauna su taimaka wajen cikewa, likitoci da ma'aikatan jinya 'yan asalin garin nan su ware kwanaki na gwaji kyauta ko da rangwame makonni kafin biki. Sannan mu roƙi masu shirya taro su zaunar da Sarkin Pawa da Sarkin Kasuwa da shugabannin mata masu abinci a teburi guda da jami'an tsabta, ta yadda ba za a miƙa wa kowa takarda ba sai an je rumfarsa an ga randarsa da wurin wanke hannunsa da inda ya ajiye tukunyar gas.