Ƙa'idojin Rubuta Manhaja Mai Aminci

Ƙa'idojin rubuta manhaja dokoki ne da injiniyoyi ke gindaya wa kansu, su hana kansu wasu abubuwan da harshen kwamfuta ya halatta. Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Amurka a farkon shekarun 1970, yana sakar wa marubuci mara ƙwarai, kuma yawancin ƙa'idojin da suka yi suna an shimfiɗa su ne don rage wannan 'yanci, galibi bayan an tafka asara.

Ran 2 ga Nuwamba 1988 wani ɗalibin Jami'ar Cornell, Robert Morris, ya saki manhaja mai yaɗa kanta, ta durƙusar da dubban kwamfutoci a intanet ɗin wancan zamani. Ɗaya daga cikin ƙofofin da ta bi wani ɗan umarni ne mai suna gets, wanda ke karɓar rubutu ba ya auna yawansa. An tanadi gurbi mai cin harafi 512, sai aka ɗura masa 536, kamar a zuba wa tulu ruwan da ya fi ƙarfin cikinsa. Rarar da ta malala ta hau kan ma'adanar da ke maƙwabtaka, ta kuma karkatar da kwamfutar zuwa ga umarnin kutse da aka ɓoye cikin rubutun. A watan ne aka kafa cibiyar tsaron kwamfuta ta CERT a Jami'ar Carnegie Mellon, wadda ta fitar da kundin ƙa'idojinta na C a 2008. Shi kuwa gets, duk da sunan da ya ɓata, bai fita daga harshen ba sai 2011.

Masu ƙera injuna sun sha tasu wahalar. Na'urar gashin ciwon daji ta Therac-25 ta yi ajalin marasa lafiya tsakanin 1985 da 1987 saboda kuskuren manhaja. Ran 4 ga Yuni 1996 rokar Turai Ariane 5 ta tarwatse ba ta cika minti ɗaya a sama ba, don an cusa babbar lamba a gurbin da bai ishe ta ba. Masu ƙera motoci a Birtaniya, da suka ga kwamfuta na shiga birki da inji, sai suka fitar da kundin ƙa'idoji na MISRA C a 1998 da dokoki 127.

Dokoki ɗari da ɗoriya dai ba mai haddace su, sai na'urar bincike. Shi ya sa Gerard Holzmann na hukumar NASA ya taƙaita nasa zuwa goma a 2006, kuma a ganina su suka fi dacewa da mai koyo: kada wani yanki na aiki ya wuce layi 60, kowane maimaici a san iyakarsa tun farko, duk amsar da wani sashe ya dawo da ita a duba ta.

A Najeriya lamarin ya shigo ta ƙofar doka da bankuna. An kafa hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA a 2001, dokar laifuffukan intanet ta zo a 2015, Babban Banki ya fitar da tsarin tsaron intanet na bankuna a 2018, sai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta wajabta kai rahoton kutse mai haɗari ga hukuma cikin awa 72. Waɗannan duk suna faɗin abin da ake so ne da hukuncin sakaci. Yadda za a rubuta layin kansa, an bar wa kundayen waje.

A Mairi, unguwar da ke jikin Jami'ar Maiduguri, inda ɗalibai ke kama haya, masu POS da shagunan kwamfuta ke hada-hada, ba roka ake ƙerawa ba. Aikin da ke zuwa hannun matashi shafin rajistar makaranta ne ko manhajar lissafin kanti, saboda haka jerin manyan haɗura goma na ƙungiyar OWASP, wanda ya fara fitowa a 2003, ya fi MISRA kusa da shi. Akwatin da ake rubuta lambar ɗalibi ya isa misali. In aka miƙa abin da baƙo ya rubuta kai tsaye ga rumbun bayanai, alama ɗaya da 'yan kalmomi sun isa su sa rumbun ya zazzago sunayen kowa da lambobin wayarsu. Maganin sananne ne, a aika umarni daban, rubutun baƙo daban, amma irin wannan kutse ya riƙe matsayi na ɗaya a jerin daga 2010 har 2021, lokacin da ya sauko na uku.