Dungula: Sarakunan Kirista Da Alkawarin Da Ya Yi Shekara 600

A filinmu na tarihi na wannan fitowa za mu leƙa gabas ne, wato ƙasar Sudan, hanyar da kakanninmu suka riƙa bi da ƙafa da jakuna zuwa aikin Hajji. Yawancinmu idan aka ce Sudan, abin da ke faɗo mana a rai shi ne ƙasar Larabci da malamai, sai kuma 'yan'uwanmu Hausawa da suka zauna can, kamar mutanen garin Mai Wurno kusa da Sinnar, waɗanda suka bi ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903. To amma tun kafin wannan duka, bakin kogin Nilu daga Aswan har ya wuce Hartum ya yi shekara kusan 900 a hannun sarakunan Kirista baƙaƙen fata, masu rubutunsu da fadarsu da rundunarsu. Abin da ya ja hankalinmu ga labarinsu shi ne wani alkawari da suka ƙulla da Musulmin Masar, da kuma yadda fatake Musulmi suka zauna baƙunta a ƙarƙashinsu.

Dauloli uku a bakin kogi

Bayan rushewar tsohuwar daular Kush, ƙasar Nuba ta rabu gida uku. A arewa akwai Nobatiya mai hedkwata a Faras, a tsakiya akwai Makuriya mai hedkwata a Dungula, a kudu kuma akwai Alwa mai hedkwata a Soba, kusa da inda Hartum take yanzu. Addinin Kirista ya shigo musu ne daga daular Rum ta gabas. A wajajen 543 Miladiyya Tiyodora, matar Sarkin Rum Justiniyan, ta aika wani mai wa'azi da ake kira Juliyan zuwa Nobatiya. Makuriya ta bi baya, sa'an nan a shekarar 580 wani bishop mai suna Longinus ya isa Alwa ya yi wa sarkinta baftisma. Daga baya Nobatiya ta haɗe da Makuriya suka zama daula ɗaya ƙarƙashin Sarkin Dungula, cocinsu kuwa yana bin shugaban Kibɗawa da ke Iskandariyya.

Da Amru bin Asi ya ci Masar, a shekarar 642 aka tura runduna kudu, amma ba ta sha da daɗi ba. Mutanen Nuba 'yan baka ne na gaske. Marubutan Larabawa da kansu suka faɗa cewa sojoji da yawa sun komo da raunin kibiya a ido, shi ya sa suka laƙaba wa Nubawa suna "masu harbin ƙwayar ido". Bayan shekara 10, a 652, gwamnan Masar Abdullahi bin Sa'ad bin Abi Sarhi ya zo da kansa, ya kewaye Dungula, ya kafa manjaniƙ yana jifan gari har aka lalata babban coci. Duk da haka garin bai faɗi ba. Da kowane ɓangare ya ga babu riba, sai Abdullahi da Sarki Ƙalidurut suka zauna aka yi sulhu.

Abin da alkawarin ya ƙunsa

Wannan sulhu shi ake kira Baƙt, kalmar da aka aro daga Girkanci mai nufin yarjejeniya. Bisa yadda malamin tarihin Masar Maƙrizi ya kawo shi, babu wanda zai kai wa wani yaƙi. Mutumin kowane ɓangare yana iya shiga ƙasar ɗayan a matsayin matafiyi, a tsare masa ransa da dukiyarsa, amma ba ya zo ya kafa gida ba. Nubawa za su mayar da duk bawan da ya gudo daga Masar, za su kula da masallacin da ke bayan garin Dungula, a share shi, a kunna masa fitila, kada a hana kowa salla a ciki. Kowace shekara kuma za su ba da bayi 360. Su kuma Masarawa suna aiko da alkama da sha'ir da tufafi da dawaki. Sai dai mai karatu ya lura, Maƙrizi ya rasu ne a 1442, kusan shekara 800 bayan aukuwar abin, don haka masana na ganin wasu sharuɗɗan, musamman na masallaci, daga baya aka ƙara su. Larabawa sun ɗauki abin a matsayin haraji, Nubawa kuwa sun ɗauke shi musayar kyauta tsakanin sarakuna biyu.

Kada daɗin labari ya sa mu tsallake batun bayin nan. Mutum 360 a shekara ba ƙaramin abu ba ne, kowane ɗaya ɗan wani ne ko 'yar wani, an raba shi da gida har abada. Zaman lafiyar manya ya tsaya ne a kan wuyan waɗanda ba a tambaye su ba, kuma ba mu san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Shin alkawarin ya yi aiki kuwa, ko a takarda kawai ya tsaya? A shekarar 1972 masu haƙar kayan tarihi sun tono wata doguwar wasiƙar Larabci a Ƙasar Ibrim, wani tsohon gari mai ganuwa a bakin Nilu. Gwamnan Masar Musa bin Ka'ab ne ya rubuta wa Sarkin Nuba a 758, yana ƙorafin cewa ba a mayar da bayin da suka gudu, kuma ana tsare fataken Masar ana cutarsu, alhali fataken Nuba suna yawonsu lafiya a Masar. Ka ga ke nan shekara fiye da 100 bayan sulhu, idan rigima ta taso wasiƙa ake fara aikawa, a kafa hujja da alkawari.

A zamanin Halifa Mu'utasim kuma aka lissafa cewa Nuba ta yi shekara 14 ba ta biya ba, bashin bayi ya haura 5,000. Sarki Zakariyya bai ja daga ba, sai ya tura ɗansa Jurjis har Bagadaza a wajajen 836. Aka karɓe shi da girma, aka yafe bashin, aka kuma mayar da biyan ya zama sau ɗaya a shekara uku. Ba wai ba a taɓa gwabzawa ba, don an sha kai hare-hare a kan iyaka ta wajen Aswan, amma duk bayan ƙura ta lafa sai a komo kan alkawari.

Wa ke da ƙasa?

A wannan zamani a Turai, lokacin Sharlaman da aka naɗa a birnin Rum a shekarar 800 da kuma bayansa, sarki kan yanka wa jarumi ƙasa bisa sharaɗin ya kawo masa mayaƙa ranar yaƙi, manomi kuwa sannu a hankali ya zama ba shi da ikon barin gonar ubangidansa. Dungula ma tana da nata tsarin na hawa-hawa. Littattafan Kibɗawa sun ce akwai ƙananan sarakuna 13 a ƙarƙashin babban sarki. A arewa akwai wakilin sarki da Larabawa ke kira Sahibul Jabal, wato mai dutse, shi ke karɓar baƙi, shi ke lura da fatauci. A yankinsa Musulmi suna ciniki da kuɗin Masar, har suka mallaki gonaki, duk da sharaɗin nan na hana kafa gida. Amma akwai wani shinge can kudu wanda ba baƙon da ke wuce shi sai da izini.

Kan gonakin nan aka yi wata shari'a da Mas'udi ya ba da labarinta. Lokacin da Halifa Ma'amun ya zo Masar, Sarkin Nuba ya kai ƙara cewa mutanen Aswan sun sayi gonaki daga hannun talakawansa, alhali talakawan bayinsa ne, bawa kuwa ba ya sayar da abin ubangidansa. Aka miƙa maganar ga alƙali a Aswan. Masu saye suka ga gonakinsu za su salwanta, sai suka lallaɓi waɗanda suka sayar musu, su kuwa suka tsaya gaban alƙali suka ce su ba bayin sarki ba ne, talakawansa ne kamar yadda Musulmi suke talakawan Halifa. Ciniki ya tabbata. Daɗin daɗawa, takardun cinikin gonaki da aka tono a Ƙasar Ibrim, rubutattu da harshen Nuba tare da sunayen shaidu, sun nuna cewa mutane, har da mata, suna saye suna sayarwa. Duk wanda ya taɓa sayen fili a garin da ba nasa ba ya san nauyin wannan tambaya: wanda ya sayar maka, yana da ikon sayarwa?

Sallar Layya a Dungula

Bayan Faɗimawa sun karɓi Masar a 969, kwamandansu Jauhar ya aiki wani mutumin Aswan mai suna Ibn Sulaim zuwa Dungula, ya nemi a ci gaba da biyan Baƙt, ya kuma kira sarki zuwa Musulunci. Sarki ya tara bishop-bishop da malamansa aka yi muƙabala, ya ƙi karɓar kiran, amma bai wulaƙanta manzo ba. Da Babbar Salla ta zo, Ibn Sulaim ya fita bayan gari da Musulmi wajen 60, suka yi idi da ganguna da ƙahoni. Wasu fadawa suka so a hana, sarki ya kwaɓe su, ya ce mutumin da ya bar gida da iyali ba a tare masa hanya ranar idinsa. Ibn Sulaim ya kuma bayyana Soba da cewa gari ne mai manyan gine-gine da lambuna da coci-coci masu adon zinariya, kuma akwai unguwa guda ta Musulmi. In da a bakinmu ne, zango za mu kira ta.

Mutanen nan sun yi nisa a ilmi. Suna rubuta harshensu da haruffan Girkanci da na Kibɗawa, suka ƙara wasu daga tsohon rubutun Kush. Tsakanin 1961 da 1964, kafin ruwan dam ɗin Aswan ya shanye Faras, masana daga ƙasar Folan sun tono babban cocin garin daga cikin rairayi, suka sami zane-zane fiye da 150 a bango, ciki har da hotunan sarakuna da bishop-bishop da baƙar fatarsu. An raba su tsakanin gidan tarihi na Warso da na Hartum, wanda aka wawashe a yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023.

Yadda bango ya tsage

To me ya kawo ƙarshen daular da ta gagari manjaniƙ? Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1272 Sarki Dawuda ya kai hari Aizab, tashar jiragen alhazai a bakin Bahar Maliya, daga baya ya taɓa Aswan. Ana cikin haka wani ɗan gidan sarauta mai suna Shakanda ya tafi Alƙahira neman a taimake shi ya hau gado. Sarkin Masar Baibars kuwa abin nema ya samu. A 1276 ya haɗa shi da runduna, aka kori Dawuda, aka naɗa Shakanda, aka ɗora wa Nubawa jiziya. Daga ranar Dungula ta tashi daga abokiyar alkawari ta koma 'yar amshin Masar. Bayan haka duk ɗan sarkin da ya rasa gado sai ya nufi Alƙahira ya komo da sojojin baƙi.

A 1317 Sarki Abdullahi Barshambu, ɗan gidan sarautar da ya musulunta, ya mai da wani ɓangare na babban benen fadar Dungula masallaci. Ginin yana nan, kuma an yi salla a cikinsa har 1969. Ibn Haldun ya ƙara wani dalili: a al'adar Nuba ɗan 'yar'uwar sarki ke gado, don haka da sarakuna suka riƙa aurar da 'ya'yansu mata ga shugabannin Larabawan da ke kwararowa, sai sarauta ta zame zuwa gidajensu ta hanyar aure. A 1365 fada ta bar Dungula ta koma arewa, inda wata ƙaramar masarautar Kirista ta ci gaba, har akwai takarda mai sunan Sarki Yowel ta shekarar 1484. Soba ma ta faɗi, Funj suka kafa Sinnar a 1504. Wani limamin Kirista ɗan Fotugal da ya zauna Habasha bayan 1520 ya ce ya ga Nubawa sun zo roƙon a ba su limamai, Sarkin Habasha ya ce ba shi da na bayarwa, don shi ma daga Masar ake aiko masa da babban limaminsa.

'Yan'uwa, mu da muke zaune a garuruwan wasu, akwai abin dubawa a nan. Faken da ke Soba da mai idi a bayan Dungula ba yawansu ne ya tsare su ba, don mutum 60 ba runduna ba ce. Abin da ya tsare su shi ne alkawari da kowa ya san sharuɗɗansa, da mai masauki mai ƙarfin da zai kwaɓi fadawansa, da kuma manya masu aika wasiƙa kafin su aika soja. Da gidan mai masauki ya rikice, hanyoyi suka lalace, kowa ya ɗanɗana, baƙo da ɗan gari. Shi ya sa duk abin da shugabanninmu suka ƙulla da masu gari, na kasuwa ne ko na fili ko na maƙabarta, ya kamata a rubuta, a sa shaidu, a adana, mu kuma mu fara cika namu ɓangaren, tunda alkawari kaya ne. Rigimar gadon sarautar masu gari kuwa, kada mu yarda a mai da mu sandan dukan wani.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.