Maganin Kwantar Da Hankalin Yaro Kafin Tiyata

Ni injiniya ne, ba likita ba. Ranar da za a yi wa autana tiyatar ƙaba a nan Ingila, yana ɗan shekara 4, ya maƙale wa mahaifiyarsa yana ta ihu. Da nas ta kawo wani magani a ɗan kofi, sai maiɗakina ta ƙi, a zatonta kayan maye ne. Sai da likitan sa barci ya zo ya yi mana bayani sannan muka yarda.

Maganin da aka fi bayarwa shi ne midazolam. Ba shi ne ke sa barcin tiyata ba. Aikinsa ya rage tsoro, kuma sau da yawa yaro ba ya tuna lokacin da aka raba shi da iyayensa. Ana auna shi bisa nauyin yaro, yawanci miligiram 0.5 ga kowane kilo, ba a wuce miligiram 20, a sha kamar minti 30 kafin shiga. Yana da ɗaci. Wasu yara ƙalilan sai ya ƙara tada su maimakon ya kwantar da su. Akwai kuma clonidine, da dexmedetomidine da ake fesawa a hanci. Ba kowane yaro ake ba ba, wani lallashi da wasa sun ishe shi.

Abin da ya rataya a wuyanmu iyaye:

1. A gaya wa likita in yaro yana minshari sosai ko numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, domin maganin na iya rage numfashi.
2. A faɗi in yana da sikila, da duk maganin gargajiya da aka aiko daga gida.
3. A kiyaye umarnin hana ci. Yawanci awa 6 ne ba abinci, kuma koko da madara abinci ne. In ya ci a ɓoye, a faɗa.
4. Bayan ya sha, kada a bar shi ya sauka daga gado, jiri zai kayar da shi.
5. Kada a ba shi wani maganin barci daga gida.

Wanda Turanci bai zauna masa ba ya nemi tafinta tun kafin ranar, kyauta ne a asibitocin NHS. Kuma kada a yi wa yaro ƙarya cewa kasuwa za a je.

Allah Ya ba yaranmu lafiya, amin.