Zinariyar da Aka Zuba wa Yara a Rafi

A garin Ballarat na jihar Biktoriya, a ƙasar Ostareliya, akwai wani gari cikin gari da ake kira Sovereign Hill. An buɗe shi a shekarar 1970, an gina shi bisa kamannin sansanin mahaƙan zinariya na shekarun 1850: tituna na turɓaya, keken doki, maƙera, tantuna da ramukan haƙa. Nan makarantun firamare ke kai ɗalibai ziyarar ilimi, musamman 'yan aji biyar, waɗanda darasinsu na tarihi ya shafi zamanin mulkin mallakar Ingila. Wasu sukan kwana biyu sanye da tufafin wancan zamani, suna rubutu da alƙalami da tawada gaban malami mai ɗaure fuska. Amma abin da ya fi ɗauke musu hankali shi ne rafi. Akan miƙa wa yaro tasa, ya ɗebo yashi, ya yi ta jujjuyawa cikin ruwa har ƙwayar zinariya ta ƙyalla a gindin tasar. Zinariyar ta gaske ce. Sai dai ma'aikatan wurin ne ke zuba ta a rafin.

Ba laifi ba ne a faranta wa yaro rai. Amma rafin da ba ya hana mai haƙuri rabonsa yana koyar da akasin abin da ya faru. An gano zinariya a Ballarat a watan Agusta na 1851. Cikin shekara goma jama'ar Biktoriya suka tashi daga kimanin 77,000 zuwa fiye da rabin miliyan. Matuƙan jiragen ruwa sun bar jiragensu a tasha, makiyaya sun bar tumaki, 'yan sanda sun tuɓe kaki, kowa ya shiga rububi. Labarin masu sa'a ne ya ja su, irin curin zinariya mai nauyin kilo 69 da aka tono a Ballarat a 1858. Mafi yawansu kuwa ba su samu abin da ya wuce na bakin salati ba, kuma da zinariyar sama-sama ta ƙare sai suka koma 'yan ƙwadago a ramuka masu zurfi na kamfanoni.

A ganina, abin da ya cancanci a danƙa wa yaro a hannu shi ne takardar lasin haƙa. Gwamnati ta ɗora wa kowane mahaƙi sule talatin a wata, ko ya samu ko bai samu ba, alhali ba shi da ƙuri'a a majalisar da ta yanke harajin. 'Yan sanda kan bi rami-rami a kan dawaki suna farautar marasa lasin, wanda aka kama wani lokaci a ɗaure shi da sarƙa a jikin gungume. Tura ta kai bango a ƙarshen 1854. Mahaƙa suka ƙona takardunsu, suka ɗaga tuta shuɗiya mai taurari biyar, suka kafa shingen katako a wurin da ake kira Eureka, ƙarƙashin jagorancin wani ɗan Ailan, Peter Lalor. Da asubar Lahadi, 3 ga Disamba, sojoji da 'yan sanda suka far musu. Faɗan bai kai rabin sa'a ba. Mahaƙa aƙalla 22 suka mutu, da sojoji kaɗan. Lalor ya tsira, amma an yanke masa hannu.

Abin da ya biyo baya ya fi faɗan kansa ban mamaki. An gurfanar da mutum goma sha uku bisa tuhumar cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa kisa ne. Wanda aka fara yi wa shari'a baƙar fata ne ɗan Amurka, John Joseph. Masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke shi, jama'a suka ɗauke shi a kafaɗa suka zaga titunan Melbourne da shi. A ƙarshe ba wanda aka samu da laifi ko guda. A 1855 aka soke lasin wata-wata, aka musanya shi da takardar fam ɗaya a shekara, wadda kuma ta ba mai riƙe da ita damar jefa ƙuri'a. Lalor ya shiga majalisa, har ya zama kakakinta a 1880. Wannan ɓangare ne malamai ke jin daɗin bayarwa, kuma da dalili: talaka ya ce a'a, aka saurare shi.

To amma a wannan shekara ta 1855, majalisar Biktoriya ta ɗora harajin fam goma a kan duk ɗan ƙasar Sin da ya sauka a tashoshinta. Domin kauce wa harajin, jirage suka riƙa sauke su a Robe, a Kudancin Ostareliya, dubbai suka taka fiye da kilomita 400 da ƙafa, da kaya a sandar kafaɗa. A 1857 mahaƙa Turawa suka afka wa sansaninsu a kwarin Buckland, suka ƙona, suka kore su. Ƙiyayyar da ta tsiro a bakin waɗannan ramuka tana cikin tushen dokar 1901 da ta rufe ƙofar ƙasar ga waɗanda ba farar fata ba. Sovereign Hill bai ɓoye wannan ba, akwai sansanin 'yan Sin a cikinsa. Sai dai yaro ba ya komawa gida da shi a 'yar kwalba kamar yadda yake komawa da ƙwayar zinariya. Haka ma 'yan asalin ƙasa, mutanen Wadawurrung, waɗanda sunan Ballarat ya fito daga harshensu: makiyaya Turawa sun riga sun ƙwace musu filaye tun kafin zinariya, mahaƙa suka zo suka sare itatuwa, suka mai da rafuka taɓo.

Su kuwa yaran ainihi na wancan zamani, waɗanda ɗaliban yau ke aron tufafinsu, ba dukansu suka ga aji ba. Ruwan da ake wanke ƙasar zinariya shi ake sha, ga masai kusa da tantuna. Atuni da zazzaɓin taifod suka riƙa bin sansani. Kusa da Castlemaine, arewa maso gabas da Ballarat, akwai maƙabartar Pennyweight Flat, inda aka binne kimanin mutum 200 tsakanin 1852 da 1857, da yawansu ƙananan yara da jarirai. Kaburburan ba su da zurfi saboda ƙasar duwatsu ce, sai aka jera musu duwatsu a kai. An ce an bar wannan tudu ga matattu ne domin zinariyar da ke cikinsa ba ta isa a wahala a haƙa ba.