Liƙi Yana Bin Makirufo: Matsalar Yanke Ladan Sabon DJ a Bukukuwan Kasalgu, Tamale

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake yanke wa sabon DJ lada a bukukuwan aure da suna a Kasalgu, unguwar da ke gefen birnin Tamale a arewacin Gana. Ta nuna cewa masu biki suna auna shi da mudun makaɗin gargajiya, wanda rabonsa ke fitowa daga hannun 'yan biki, alhali ɗawainiyar da ke kansa ta mai hayar kaya ce. Ta kawo shawarar a raba jinga gida biyu, kuɗin kaya da ladan hannu, rangwamen sabon shiga kuma ya tsaya a kan ladan hannu kaɗai.

Gabatarwa

Tun da Fancy Gadam ya cika filin wasa na Tamale da jama'a a 2016, ya kuma karɓi lambar sabon mawaƙin shekara na ƙasar Gana a 2017, samarin garin suka fara kallon harkar kiɗan zamani a matsayin hanyar abinci. Wanda Allah bai ba shi murya ba sai ya nemi kwamfuta, ya tara waƙoƙin Dagbani da na Hausa da na kudu, ya fara bin wani maigida mai lasifika zuwa bukukuwa. Ranar da aka fara kiransa da sunansa, a ranar ce tambayar take tasowa: nawa zai ce? In ya faɗi da yawa, uwar biki ta ce yaushe ya fara. In ya faɗi kaɗan, ya kwana yana aiki ya tashi da bashi. Wannan tambaya ita ce abin da maƙalar ke son warwarewa.

Waiwaye a kan ayyukan da suka gabata

Rubuce-rubuce a kan ladan makaɗa a wannan yanki suna da yawa, kuma ba mu da jayayya da su. M. G. Smith (1957) ya bayyana roƙo a ƙasar Zazzau a matsayin musaya: maroƙi ya ɗaga sunan mutum da asalinsa a bainar jama'a, shi kuma ya biya da kyauta, in ya hana a koma masa da zambo. Ames da King (1971) sun jera rukunonin makaɗan Hausa da wuraren da kowa ke cin abincinsa. A ƙasar Dagomba, John Chernoff (1979), wanda ya koyi kiɗa a Tamale a hannun Alhaji Ibrahim Abdulai, ya yi bayanin aikin lunsi, masu kalangun da ke riƙe da tarihin sarauta da kirarin gidaje. DjeDje (2008) ta kwatanta masu goge na Fulani da Hausawa da Dagomba.

Inda muke da magana shi ne aikin John Collins a kan tarihin kiɗan zamani na Gana. Collins ya nuna yadda dokar hana fitar dare da ta biyo bayan juyin mulkin Rawlings na 31 ga Disamba 1981, haɗe da harajin da aka ɗora wa kayan kiɗa na waje, suka durƙusar da ƙungiyoyin makaɗa masu yin wasa kai tsaye. A gurbinsu ne masu yawo da faifai da lasifika, waɗanda ake kira sifina, suka mamaye bukukuwa, don sun fi araha. Tarihin daidai ne. Sai dai an ba da shi ne daga ɓangaren makaɗan da suka rasa aiki, shi ya sa sifina ya fito a matsayin wanda ya ci riba. Ba a tsaya an tambayi abin da wannan arahar ta jawo wa sana'ar ba. Sana'ar da ta shigo kasuwa da sunan "mai sauƙin kuɗi" ta gaji wannan suna har yau, kuma sabon shiga ne ke ɗaukar mafi nauyin gadon.

Akwai kuma shawarwarin da ke yawo a intanet daga Amurka da Ingila: a yi lissafi da awa, ko a fara yi kyauta don a san mutum. Lissafin awa yana buƙatar bikin da ke da lokacin tashi. Yin kyauta kuwa yana buƙatar gidan rawa mai nasa kayan sauti a kafe, inda DJ zai zo da jaka ɗaya. Ko ɗaya babu a tsakar gidan biki a Kasalgu.

Hanyar bincike

An bi hanya biyu: kwatanta tsarin biyan makaɗan gargajiya kamar yadda ayyukan da aka ambata suka bayyana shi da tsarin jingar DJ, sannan warware jingar biki guda zuwa sassanta don a ga inda kowane sidi (kuɗin Gana) ke tafiya. Alƙaluman da ke cikin lissafin na misali ne kawai.

Sakamako

Abu na farko, kuma mafi muhimmanci, ya shafi liƙi. A rawar Dagomba, idan lunsi suka buga kirarin mutum ya shiga fili, 'yan uwa da abokai ne ke fitowa su manna masa kuɗi a goshi, kuɗin ya zuba, yaran makaɗa su tsince, daga baya a raba bisa girma. Haka abin yake a bikin Hausawan zango, inda maroƙi ko sanƙira ke kiran suna ana liƙi. Saboda haka mai biki bai saba ba makaɗi wani abu mai yawa daga aljihunsa ba. Abin da yake bayarwa kamar goron gayyata ne, sauran taro ne zai biya. Da wannan ido yake kallon DJ. Idan ya taya shi da araha, a ransa yana cewa ai zai samu a fili.

To, amma me ake biya da liƙi? Idan aka koma wa Smith, amsar a fili take: suna ake biya. Mutum yana fitar da kuɗi ne a daidai lokacin da aka ambace shi, aka ambaci kakansa, idanun jama'a suka juyo kansa. Daɗin sauti shi kaɗai ba ya sa kowa ya sa hannu a aljihu. DJ kuwa yana can gefe, kai a sunkuye a kan kwamfuta, ba ya kiran kowa. Mai riƙe da makirufo, wato mai gabatarwa, shi ne ya gaji kujerar sanƙira, don haka shi kuɗin ke bi, shi da amarya da ƙawayenta. In kuma an gayyato lunsi a bikin, to nasu rabon daban yake, babu mai taɓa shi. Sakamakon haka sabon DJ yana karɓar jinga irin ta wanda zai samu liƙi, ya tashi da liƙi irin na wanda aka riga aka biya. Tsofaffin hannu sun gane wannan tuntuni, shi ya sa za ka ga wasunsu sun haɗa aikin biyu, ko sun zo da nasu mai gabatarwa bisa sharaɗin raba abin da aka tsinta. Sabon shiga ba shi da bakin kafa wannan sharaɗi, sau da yawa ma bai san ana kafa shi ba.

Abu na biyu shi ne kaya. Mai kalangu yana rataye da jarinsa a kafaɗa, kuma galibi gadon gida ne. Sabon DJ haya yake yi. A ɗauka, a misali, an yi jinga a kan sidi 500. Maigidan da ya ba da lasifika da na'urar haɗa sauti ya ɗauki 250. Mai babur mai ƙafa uku da ya kai kayan ya dawo da su ya karɓi 70. Man janareta ya ci 100, domin duk wanda ya ga shekarun dumso na yawan ɗauke wuta, musamman 2015, ba zai jingina biki da wutar kamfanin lantarki na NEDCo kaɗai ba. Yara biyu masu ɗauka da gadin waya sun raba 50. Abin da ya rage 30 ne, ladan yini da rabin dare, ban da kwanakin da aka yi ana tace waƙoƙi da kuɗin data. Mafi ƙarancin ladan yini da hukuma ta yanke a Gana a 2025 sidi 19.97 ne, ga lebura wanda bai ɗauki alhakin kayan kowa ba. Shi kuwa DJ, in lasifika ɗaya ta ƙone, ko ƙurar hunturu ta kashe kwamfuta, wuyansa ne a ciki.

Daga nan shawarar maƙalar ta fito. A faɗa wa mai biki farashi biyu, ba ɗaya ba. Kuɗin kaya, wato haya da dako da mai da yara, ba ya karɓar ciniki, domin na wasu ne, kuma daidai yake ko DJ ya shekara goma a sana'a ko jiya ya fara. Ladan hannu shi ne wurin da sabon shiga zai yi ragi, ya karɓi rabin abin da gwani ke karɓa ko ƙasa da haka, ya ma yafe shi ga 'yar uwa in ya so. Wannan rangwame adalci ne, tunda mai biki yana ɗaukar kasadar hannun da ba a gwada ba. Abin da ba adalci ba shi ne rangwamen ya gangara ya ci kuɗin mai. Raba farashin yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: yana cire kunya daga cinikin. A unguwar da kusan kowace uwar biki gwaggo ce ko maƙwabciya, yaro ba zai iya kallon idonta ya ce "albarka" ba. Amma zai iya cewa, "Hajiya, wannan na mai kaya ne, ba nawa ba, nawa kuwa, abin da kika ga dama." Ita ma ta san ba a roƙon alfarma a gidan mai.

Sauran sharuɗɗan gajeru ne. A karɓi kafin alƙalami da ya kai kuɗin kaya, ta MoMo (tura kuɗi ta waya) in ya yiwu, don saƙon ya zama shaida. Wanda ya karɓa kuwa ya ci ladan kuturu, dole ya zo a kan lokaci. A ambaci lokacin tashi da abin da za a ƙara in an zarce. A yi maganar liƙi tun kafin a kunna janareta. Kada kuma a kulle farashi watanni kafin biki: a 2022 hauhawar farashi a Gana ta tashi daga kashi 13.9 cikin ɗari a Janairu zuwa 54.1 a Disamba, dala kuma ta tashi daga wajen sidi 6 ta haura 13, alhali galibin kayan sauti daga waje suke zuwa.

Iyakokin binciken

Za a ce maƙalar ba ta kawo jadawalin farashi ba. Da gangan ne, domin jadawalin da aka buga kafin azumi ba ya kai babbar salla da ransa. Ba ta taɓa aikin otel-otel da gidajen rediyo ba, inda kayan sauti na mai gida ne, lissafin kuma ya sha bamban. Haƙƙin mawaƙan da ake kunna waƙoƙinsu, wanda dokar haƙƙin mallaka mai lamba 690 ta 2005 ta tanada kuma ƙungiyar kare haƙƙin mawaƙa ta GHAMRO ke karɓa, an bar shi a gefe, ko da yake duk ranar da aka matsa a kan karɓarsa a bukukuwan unguwa, a ɓangaren kuɗin kaya zai zauna. Tarukan siyasa, irin waɗanda suka cika Tamale gabanin zaɓen Disamba 2024, kasuwa ce ta daban mai nata dillalai, kuma ba kasafai kwangilarta ke isowa hannun sabon shiga ba.