Shekarun ruwa da suka ruɗe mu

Kakana manomi ne a arewacin Tawa. Yakan ce: «Farin 1973 bai zo da dare ba, mu munka ƙi ganin shi.» Na daɗe ban gane nufinsa ba.

A shekarun 1950 damana ta yi ta kyau a Sahel. Bisashe suka yawaita, gonaki suka yi ta matsawa arewa cikin makiyaya, har gwamnati ta yi dokar iyakar noma a 1961. Mutane suka ɗauka haka abin zai ɗore. Tun 1968 ruwa ya fara ja da baya, amma kowace shekara sai a ce baɗi za ta gyara. Rumbuna suka ƙare, shanu suka faɗi, a Afrilun 1974 soja suka kifar da Diori Hamani.

Ɗan Adam da jiya yake auna gobe, kuma masifa mai tafiyar hawainiya ba ta tsorata shi kamar gobara. To, yau ana maganar ɗumamar yanayi, mu ɗalibai muna jinta kamar labarin Turai. Damana biyu masu kyau sun isa mu manta. Shi kuwa tsoho, har ya rasu bai sake sayar da hatsin rumbu ba sai sabo ya nuna.